Ranar da Injiniya Ya Buɗe Uwar Garke

A ɗakin gwajin jinin nan da ke saman bene, kan shagon masu sayar da tabarau, in ka ce Injiniya ba wanda zai tambaye ka wanne. Mutum ɗaya ne, gajere, mai furfura a gefen kai, aljihun rigarsa ba ya rabuwa da sukudireba yadda na wasu ba ya rabuwa da biro. Shi ke kula da kwamfutocin wurin tun zamanin da ake tara sakamakon gwaji a kwali. Ba ya gaggawa, ba ya faɗa, amma kada ka kuskura ka ce masa, "Kashe ta ka kunna mana." Zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "In ɗanka ya suma, ruwa kawai kake watsa masa ka koma barci, ko kana tambayar abin da ya sumar da shi?" Sai a yi dariya a bar shi da aikinsa.

Mutane kan ce hannu ya gada, domin ubansa mai aski ne, irin wanda ke zagaye kunne da aska mai kan yana gyangyaɗi. Injiniya shi ne auta, kuma a shagon ya tashi. Ya ga lokacin da benci ke cika, ya kuma ga lokacin da hannun tsohon ya fara rawa. Da farko almakashi ne ke ƙara sau biyu inda ya kamata ya yi sau ɗaya. Daga baya wata rana aska ta taɓa kunnen wani daɗaɗɗen abokin ciniki. Mutumin ya dafe wurin da hankici, ya ce ba komai, har da dariyarsa, amma bai sake dawowa ba. Haka suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da gaisuwarsa mai kyau in an haɗu a hanya, kowa da sabon aski a kansa. Babu wanda ya taɓa zaunar da tsohon ya ce masa ga dalili, kuma wannan shirun ya fi yi masa ciwo a kan cutar kanta. A ƙarshe Yaya, babbar 'yarsa, ita ke riƙe masa cokali, ita ke saka masa maɓallin riga, har Allah ya karɓi abinsa.

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Wanda ya fara faɗar haka bai bayyana wane irin gado yake nufi ba.

Na Injiniya da kofin shayi ya fara. Wata safiya ya ɗauko shi da hannun dama, sai ya ji gindin kofin yana buga faranti, ƙas-ƙas-ƙas, ƙarar da ya sani tun yana ƙarami. Ya ajiye, ya dubi hannun, ya ga yana kwance lafiya a kan tebur kamar bai yi komai ba. Ya sake ɗauka, ƙarar ta dawo. Zufa ta keto masa a ɗakin da fanka ke juyawa. Daga ranar ya gane halin abin: in hannun na hutawa, lafiya lau, in yana buga madannan kwamfuta ma da sauƙi, amma da ya nemi ya yi masa aiki mai ƙanƙanta, a nan zai tona masa asiri. Tsoro ya shige shi, irin wanda ba ya fita ko mutum na dariya.

Sai ya shiga ɓoyo, kuma ina ya zaɓa ya ɓoye rawar hannu? A gidan da kowa aikinsa duban jikin mutane! Ya daina shan shayi a ofis, ya ce siga yake gudu. Mai Allura, wadda ke ɗibar jini, kuma abokiyar tsokanarsa ce, ta ce, "To zo in auna ka mana, kyauta ne ga tsofaffin gida." Ya ce shi allurarta yake gudu fiye da sigan. Ya koyi tafiya da hannu a aljihu, har matarsa ta ce, "Baban yara, tun yaushe ka zama babban mutum? Ko an ƙara maka girma ne ba ka faɗa mana ba?" Ya yi murmushi ya wuce. Wadda ya fi shakka ita ce Likita, shugabar wurin, mace mai ƙarancin magana da za ta dube ka sau ɗaya ta ce ka je a auna maka jini, kuma a auna a samu abin. In ya hango ta a baranda sai ya tuna yana da aiki a wani ɗakin.

Yana cikin wannan hali uwar garke ta fara nata ciwon.

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da komai na gidan. Samari 'yan aikin suna ce mata saba. Tana wani ɗan ɗaki bayan sito, marar taga, mai sanyi kamar cikin firji, a cikin doguwar durowar ƙarfe, fankokinta na gurnani ba dare ba rana. Duk injin da ya gama gwada jini, ita yake aika wa sakamako. Duk asibitin da ke jiran amsa, daga wurinta yake karɓa. Kuma duk wannan kai-komo ta ƙofa ɗaya yake bi, wani ɗan kati mai faɗin tafin hannu da ke soke a cikinta, inda wayar sadarwa ke shiga ta baya. In katin nan ya yi shiru, uwar garke na nan da ranta, tana aiki, amma ba ta ji, ba ta magana.

Ranar farko da tsakar rana aka yi. Kowa ya ɗago kai lokaci ɗaya ya ce abu ya tsaya. Injiniya ya aika wa uwar garke ɗan saƙon gwajin nan da ake aikawa don a ji ko tana nan, bai dawo ba. Ya shiga ɗakin sanyi, ya leƙa bayanta. Ƙananan fitilu biyu ne a bakin katin: ɗaya tana nuna waya na haɗe, ɗaya tana ƙiftawa in saƙo na wucewa. Ta farko na ci, ta biyu ta ƙame. Ya canza waya, ba ta motsa ba. Ya matsar da wayar zuwa wata kafa a akwatin da ke rarraba layuka, nan ma shiru. Ya jona allo da madannai kai tsaye, ya duba abin da kwamfutar ke faɗa game da kanta, ya ga ta ce katin ya daina fitar da saƙo. Ya kashe katin shi kaɗai da umarni, ya tayar da shi, fitila ta ci gaba da ƙiftawa. Aka ce, "Sannu Injiniya!" Ya amsa, amma ya san abin bai ƙare ba.

Domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Katin da ke aiki lafiya da safe, ya sume da rana lokacin da kaya suka yi masa yawa, ya farfaɗo in ya ɗan huta, wannan zafi ne ke damunsa. Ko wanda ya fara koyon aikin bara zai ce a buɗe a duba. Yana ma da sabon kati a durowarsa, cikin ledarsa, ya saye shi tuntuni saboda irin wannan ranar. Amma buɗewa na nufin ƙananan notina, na nufin soka kati a ramin da bai fi kaurin farce ba, na nufin wani ya tsaya a kansa yana haska masa tocila.

Don haka ya bi duk hanyar da ba ta bukatar sukudireba. Ya sabunta direban katin, wato 'yar manhajar da ke tuƙa shi. Abin ya lafa, sannan ya dawo. Ya hana katin yin wasu ayyukan da yake yi da kansa, ya ɗora wa kwamfutar, ko ya samu sauƙi. Ya hana shi yin barcin tsimin wuta. Ya ƙara sanyin ɗakin har Mai Allura ta ce ko gawa ya ajiye a ciki. Kowace dabara ta saya masa 'yan kwanaki, kowace kuma ta ƙare. A ƙarshe mutumin da ya shekara da shekaru yana hana mutane kashewa da kunnawa ya zauna ya rubuta ɗan umarni da zai riƙa sa ido a kan katin, da ya yi shiru ya kashe shi ya tayar, tun kafin kowa ya lura. Ya ji kunyar kansa ranar, amma ya yi barci.

Abin ya yi aiki, har ya yi yawa. Ƙorafi ya ɗauke, Likita ma ta ce masa an gode. Shi kaɗai ya san cewa katin na suma a ɓoye, kuma sumar tana ƙara kusantar juna. Kullum da rana ta take, sai ya ga ya kasa zama, yana kallon agogo.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Wata ranar aiki, zauren jira cike, katin ya suma, umarnin ya tayar da shi, bai tashi ba. Ya sake, bai tashi ba. Kafin Injiniya ya kai ɗakin sanyi wayoyin gidan sun fara ƙara. Ya duba, ya ga kwamfutar ma ta daina ganin akwai kati a jikinta. Fitilun biyu duk sun mutu. Ya kashe uwar garke gaba ɗaya ya kunna, abin da ya tsana, babu canji. Ya tsaya a tsakiyar gurnanin fankoki.

Ƙofa ta buɗe. Ya yi fatan Mai Allura ce, ko masinja, ko ma wane ne. Likita ce.

"Injiniya, asibitin yara sun kira sau biyu. Akwai wanda ba za a shiga da shi tiyata ba sai sun ga sakamakonsa. Na sa a karanta musu nasa ta waya, amma ba za mu wuni muna karatu ba. Me ake ciki?"

"Katin sadarwa ne, ranki ya daɗe. Ya mutu. Sai an canza."

"Akwai wani?"

"Akwai."

"To me muke jira?"

Ya ce bari ya kira wani ya riƙe masa tocila. Ta ce kowa hannunsa cike yake, ta miƙo hannu ta karɓi tocilar daga kan durowa. Ya ji kamar ya ce cikinsa na ciwo, kamar ya ce an kira shi a gida. Sai kawai ya matsa kusa da durowar.

Ya kashe uwar garke, ya zare wayoyin wuta. Gurnanin ya ɗauke, ɗakin ya yi tsit, har yana jin numfashinta a bayan kafaɗarsa. Ya jawo kwamfutar waje a kan dogayen ƙarafunta, ya ɗaga murfin da hannu biyu, wannan bai ba shi wahala ba. Ya ɗaura igiyar nan da ake ɗaurawa a wuyan hannu don kada wutar jikin mutum ta ƙona kayan ciki. Hasken tocila ya sauka a kan katin, sai ga abin a fili: ɗan ƙarfen da ke zaune a kansa yana zuƙe masa zafi ya saki ta gefe ɗaya, maƙalinsa na roba ya karye, ya karkace yana lilo. Katin ya daɗe yana dahuwa. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba, da an buɗe tun farko.

"Ga ɓarawon," ya ce, don dai ya ce wani abu.

Noti ɗaya ne ke riƙe da katin, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Ya zaro sukudireba da hannun hagu, ya gwada, hagun bai iya ba, bai taɓa iyawa ba. Ya mayar dama. Ya riƙe numfashi, ya danne gwiwar hannunsa a jikin durowa, ya yi addu'ar da ya iya. Bakin sukudireban ya nufi kan notin, ya wuce shi, ya dawo, ya buga ƙarfe sau uku da 'yar ƙara. A ɗakin da babu fanka, ƙarar ta yi masa kamar ana buga ƙofa. Ya samu ya shiga. Ya murɗa, ya murɗa, notin ya saki. Ya kai yatsu biyu zai ɗauke shi, sai hannun ya yi abin da ya ga dama. Notin ya yi tsalle, ya faɗa ciki, ya gangara, ya ɓace a ƙarƙashin wayoyi.

Wanda bai san aikin ba zai ce noti ne kawai. Amma ƙarfe ne, a kan allon da kowane layinsa wuta ke bi. In aka kunna da shi a ciki, ba kati kaɗai za a rasa ba, uwar garken ce za ta tafi da duk abin da ke cikinta.

Likita ta karkata tocila har hasken ya kama shi, yana ƙyalli a wani lungu. Injiniya ya ɗauko ɗan hantsaki. Ya sa shi a ramin, bakin hantsakin yana kaɗawa, yana kusa da taɓa abubuwan da bai kamata a taɓa ba. Ya janye. Ya goge tafinsa a wando, ya sake. Wannan karon rawar ta hau har gwiwar hannu, igiyar da ke ɗaure da shi tana ta karkarwa a cikin hasken, babu inda zai ɓoye ta. Ya janye, ya tsaya da hantsakin a sama, idonsa ya cika. Abin da yake jira shi ne ta ce ba komai. Ta ce ba komai da murya mai daɗi, ta yi ɗan murmushi, sannan wani watan ya ga an kawo wani saurayi wai ya riƙa taimaka masa.

"Karɓi tocila," in ji Likita. "Ba ni wannan."

Ya kwance igiyar ya ɗaura mata. Ta sunkuya, ta sa hantsakin sau ɗaya, ta fito da notin, ta ajiye a murfi.

"Sai me? Faɗa mini, ni ban san komai a nan ba."

Ya faɗa mata. Muryarsa na rawa da farko, sannan ta daidaita, domin wannan ya sani. Ta danna ɗan maƙalin da ke ƙarshen ramin. Ta kama katin ta gefe, kada ta taɓa zinaren ƙasansa. Ta ja sama a miƙe, ba girgizawa. Sabon kuma ta daidaita bakinsa da ramin tukuna, sannan ta danna da babban yatsa biyu har ta ji ya zauna. Ta ce tana tsoron ta karya, ya ce ta danna, ya fi yadda take zato ƙarfi. Ya riƙe tocilar da hannu biyu, hasken na yawo kaɗan a kan yatsunta, ba ta ce komai a kai ba. Ta ɗaura notin, suka rufe, ya mayar da wayoyi, ya kunna. Fankoki suka tashi da ihu suka lafa. Ya zauna gaban madannai ya ba sabon katin adireshin tsohon, ya goge umarnin nan nasa na kashewa da tayarwa, ya aika saƙon gwaji. Ya dawo. Daga can baranda aka ji Mai Allura tana cewa, "Ya kawo! Ya kawo!"

Likita ba ta fita ba. Ta tura ƙofar da ƙafa ta rufe.

"Miƙo hannuwanka. Duka biyu. Buɗe yatsu."

Ya miƙa. Ta kalla, ta sa ya taɓa hancinsa, ya taɓa yatsanta, ya sake.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Akwai mai irinsa a gidanku?"

"Mahaifina."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ba fanninta ba ne, ba za ta sa masa suna ba, kuma ba za ta yi masa alkawarin komai ba. Akwai irin da magani ke kwantar da shi shekaru, akwai wanda ba ya ji. Akwai likitan jijiyoyi da ta sani, zai gan shi cikin makon nan. Game da aiki kuwa, ta ce za su zauna su yi magana, ita da shi, baki da baki, bayan an san abin da ake ciki.

"Amma ka ba ni haushi, Injiniya," ta ce tana buɗe ƙofa. "Shekara guda kana wuce ni a baranda."

Da aka tashi aiki bai nufi gida ba. Ya sauka bene, ya zauna a kan dakalin shagon tabarau, motoci na wucewa, rana ta yi sanyi. Tsoron bai tafi ba, ya dai canza wurin zama. Matarsa zai faɗa wa, dole, amma akwai wadda ya kamata ta fara ji, wadda ta san abin tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma ita ce wadda ya fi jin nauyin ɗora wa. Ya lalubo lambar Yaya.

"Auta! Yau wace rana? Ko kwamfutocin sun ba ka hutu?"

"Yaya, magana ce." Ya gyara zama. "Abin Baba ne. Ya same ni."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ya ji ta ja kujera ta zauna.

"Wane hannu?"

"Dama."



"Nawa hagu ne," in ji Yaya. "Ya kusa shekara huɗu. Kullum in za ka zo sai in sa shi cikin mayafi, ina cewa kada Auta ya gani hankalinsa ya tashi."

 Ya shiga lissafa zuwan da ya yi gidanta, zaman da suka yi, hirar da suka sha, shi hannunsa a aljihu, bai taɓa kallon nata ba.

"Kana ji na?" ta ce. "In za ka wurin likitan, ka biyo ka ɗauke ni. Ni ma ban taɓa zuwa ba."